Tseren Taswira da Kamfas: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Neman Matakin Ƙwararru daga Saudiyya

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga matasanmu na Makka, Jidda, Madina da Riyad, da ɗaliban jami'a, da iyayen da 'ya'yansu suka fara wannan wasa. Inda amsa ta yi tsawo, to nan ne aka fi zubar da mintuna a fagen gasa.

Mene ne tseren taswira, kuma me ya raba shi da gudun famfalaki?

Sunansa a duniya oriyantirin. A gudun famfalaki hanya a shimfiɗe take, kowa ya bi ta. A nan kuwa sai agogonka ya fara ƙirga ake miƙa maka taswira. A kanta za ka ga alwatika, wato mafara, da da'irori masu lamba, wato tashoshin da za ka ziyarta bi da bi, da da'ira biyu ɗaya cikin ɗaya, wato ƙarshe. Tsakanin tasha da tasha, abin da muke kira zango, kai za ka zaɓi hanyarka. A kowace tasha akwai tuta mai fuska uku, kowace fuska santimita 30 tsawo da faɗi, rabi fari rabi ruwan lemo, da akwatin na'ura da za ka dangwala katin yatsanka a kai.

Wasan ya taso ne daga horon sojojin arewacin Turai. An yi gasar farko ta jama'a a Norwe a 1897, an kafa hukumar duniya, IOF, a 1961, aka kuma yi gasar duniya ta farko a Fiskars ta ƙasar Finlan a 1966.

Iri nawa ne tseren a matakin ƙwararru?

Gajeren tsere ana yin sa cikin gari ko lambu, taswira mai ma'aunin 1:4,000, zakara yana gamawa cikin minti 12 zuwa 15. Matsakaici ana yin sa a daji mai sarƙaƙiya, ma'auni 1:10,000, minti 30 zuwa 35, tashoshi kusa da juna, kuma ba ya yafe kuskure. Dogon tsere, ma'auni 1:15,000, kimanin awa ɗaya da rabi, shi ne mai zanguna masu tsawon da wani ya kan haura kilomita 2. Sai na karɓa-karɓa: mutum uku a daji, ko mutum huɗu a gari, mace ta buɗe, maza biyu a tsakiya, mace ta rufe. Akwai kuma sili-ɗaya-ƙwale, inda ake sakin mutum shida tare, a yi minti 6 zuwa 8, na baya su fita.

Yanzu gasar duniya sauyawa take yi: shekara guda ta daji, mai bi mata ta gari. Edinbura ta karɓi ta gari a 2024, Kuopio ta Finlan ta karɓi ta daji a 2025. Ga wanda ke zaune a Saudiyya, ƙofar da ta fi kusa ita ce ta gajeren tsere, domin lungu da gini da matakala muna da su.

Launukan taswirar sun rikita ni. Yaya ake karanta su?

Ruwan ƙasa na siffar ƙasa ne: tudu, kwari, rami. Baƙi na duwatsu ne da abin da ɗan Adam ya gina. Shuɗi ruwa ne da fadama. Toka-toka fa ne, wato shimfiɗaɗɗen dutse. Rawaya fili ne buɗaɗɗe. Kore ciyayi ne masu rage gudu, kuma gwargwadon duhunsa gwargwadon wahalar kutsawa. Wanda ke yaudarar mutanenmu shi ne fari. Wanda ya saba da taswirar mota zai ɗauka fili ne, alhali daji ne mai bishiyoyi da ake iya gudu a ƙarƙashinsu. Taswirar gefen Makka kusan duk rawaya ce da ɗigon baƙi, ta Suwidin kuwa fari da kore.

Ka haddace ma'auni har ya zama ba sai ka yi lissafi ba. A 1:15,000 milimita ɗaya mita 15 ce, a 1:10,000 mita 10, a 1:4,000 mita 4. Dutse ba ya shiga taswira sai ya kai kimanin mita ɗaya a tsayi kuma ya fita daban. Saboda haka a gangaren Hada, kusa da Ɗa'if, inda duwatsu suka fi a ƙirga, kada ka tsaya neman kowanne a takarda.

Kowa yana cewa layukan tudu su ne komai. Me ya sa?

Domin hanya tana sauyawa, ana sare bishiya, ana ta da sabon gini, amma tudu yana nan inda yake. Kowane layi mai ruwan ƙasa yana haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya ne. Tsakanin layi da layi mita 5 ce a taswirar daji, mita 2 ko 2.5 a ta gari. Kowane layi na biyar ana kaurara shi, wato mita 25 ke nan tsakanin masu kauri. Layuka sun matsu, hawa ne mai tsini. Sun yi nesa da juna, ƙasa ta kwanta. Ɗan guntun layi da ke manne a jikin wani layin yana nuna ɓangaren gangara, da shi ake bambanta rami da tsibi.

Siffofi biyar za ka fara ganewa ido rufe: ƙoƙon tudu, hancin tudu da ya miƙo waje, ɗan kwarin da ya shige cikin tudu, sirdi tsakanin tudu biyu, da rami. Wahalar tana tsakanin hanci da kwari, domin a takarda dukansu lanƙwasa ce iri ɗaya, ɗaya ta kalli gangara ɗaya ta kalli hawa. Maganinsa ka fara gano sama: nemi rufaffiyar da'ira mafi kusa ko layin ruwa, ka bi da yatsa daga nan.

A nan ƙasar Hijaz ta yi mana gata. Tudunmu tsirara suke, babu bishiyar da ta rufe su. Hau wani tudu da sassafe lokacin da inuwa ke fitar da kowace lanƙwasa, ka riƙe taswira, ka nuna kwari da hannu sannan ka nemo shi a takarda, ka kuma juya: zaɓi lanƙwasa a takarda ka nemo ta a ƙasa. Minti 20 na wannan, sau biyu a mako, cikin wata uku idonka zai fara ganin layukan a matsayin ƙasa mai tashi da faɗuwa. Bayan nan ka buga taswirar da aka cire mata komai sai ruwan ƙasa, ka yi gudu da ita.

Wane kamfas zan saya?

Na babban yatsa, wanda ake ɗaurawa a hannun da ke riƙe taswira. A kantunan kayan fita daji ka ce busla, amma ka duba kada a ba ka ta neman alƙibla ko mai murfi irin ta soja. Abin nema allura mai tsayawa cikin sakan ɗaya ko da kana gudu. Kamfanonin Silva da Suunto da Moscompass duk suna yi. Ana daidaita nauyin allura gwargwadon yankin duniya, don haka gwada ta a nan: idan ka shimfiɗa ta a tafin hannu allurar tana gogar gilashi, ba ta yankinmu ba ce.

Layukan arewa da ke kan taswirar gasa suna bin arewar maganaɗisu ne, saboda haka babu wani gyaran lissafi da za ka yi. Mai zana taswira a Saudiyya shi ne zai tuna karkata ta da digiri 3 zuwa 4 zuwa gabas. Abubuwan da ke ruɗa allura: wayar salula, mota, shingen ƙarfe, manyan wayoyin lantarki, da baƙin dutsen harra irin na kewayen Madina. 'Yan uwa mata, ku lura da ɗan maganaɗisun da ake maƙale hijabi da shi, idan kuka ɗago kamfas kusa da ƙirji zai ja allurar.

Yaya ƙwararre yake tsara zango kafin ya ruga?

Daga baya yake farawa. Ya kalli tashar tukuna: mene ne a tsakiyar da'irar, daga wane ɓangare ya fi sauƙin gani? Dutsen da ke gindin gaɓa, idan ka zo ta sama za ka wuce shi ba ka gani ba. Sannan ya nemi madogara, wato wani abu babba da ba ya ɓata, mita 50 zuwa 150 daga tuta: mahaɗar hanya biyu, bakin kwari, kusurwar katanga. Daga mafara zuwa madogara gudu ne sosai. Daga madogara zuwa tuta a rage gudu, kamfas a hannu, ana ƙirga taku. Sai ya duba shinge, abin da zai tare shi idan ya zarce: hanya ko rafi a bayan tashar.

A tsakiya kuma yana neman jagora, wato abu mai tsawo da zai bi ba tare da yawan duba takarda ba, kamar gefen wadi, wato busasshen rafi, ko gindin tudu. Idan zai tunkari abin da ke kan layi, misali inda ƙorama ta rabu biyu, sai ya karkata da gangan zuwa gefe guda. Da ya iso ƙoramar ya san wajen da zai juya. Wanda ya nufi wurin kai tsaye ya kuskure, bai san ko dama zai yi ko hagu ba.

Batun hawa ko zagaye, ga lissafin da ake amfani da shi: hawan mita ɗaya yana cin abin da mita 8 zuwa 10 na shimfiɗa ke ci. Ɗauki zango mai mita 900 a miƙe, amma ya ratsa layukan tudu 12, hawan mita 60 ke nan. Nauyinsa ya koma kamar mita 1,400 zuwa 1,500. Idan akwai turba mai zagaye ta mita 1,300, ita ce riba, ga kuma hutun kai da za ka samu ka karanta zango na gaba. Thierry Gueorgiou na Faransa, mai zinare 14 a gasar duniya, 8 daga ciki a matsakaicin tsere, ya yi suna ne da sauƙaƙa zango: ya tsinci abu uku ko huɗu da za a hango daga nesa, ya bar sauran. Mai koyo yana so ya tabbatar da kowane dutse, shi ya sa yake tsayawa sau goma a zango ɗaya.

Abu biyu da ba a sassauci a kansu: taswira kullum tana fuskantar arewa, kai ne ke zagaya ta, kuma babban yatsanka yana kan inda kake. Ninke takardar har ta dawo kamar tafin hannu.

Kullum sai na ɓata a tsakiyar tsere. Ina matsalar take?

Yawanci ƙafa ce ta riga ido. Numfashi ya hau, kai ya daina karatu, ka yi mita 200 ba ka duba takarda ba. Ga inda abin ya fi faruwa: tasha ta farko saboda ɗoki, tashar da ke bayan doguwar hawa saboda gajiya, tashar da ke bayan kuskure saboda neman rama lokaci, da lokacin da ka hango wani ɗan tsere ka bi shi alhali tasharsa daban.

Kuskuren tagwaye shi ne mafi tsada a ƙasarmu. Kwari biyu kusa da juna, kamanni ɗaya, ka shiga na farko kana zaton na biyu ne, sai zuciyarka ta riƙa tilasta wa ƙasa ta yi daidai da taswira. Kariyarsa ƙirga taku da duba kamfas a bakin kowane kwari. Auna mita 100 a fili ka ƙirga saukar ƙafar dama kawai: a guje yawanci 35 zuwa 45 ne, kuma yana ƙaruwa a hawa da yashi. Sai kifa taswira, arewa ta koma kudu, wanda ke faruwa a fitowa daga tasha. Sai zamewar kamfas: kuskuren digiri 5 a tafiyar mita 400 yana kai ka mita 35 gefe, wanda ya isa ka wuce tuta a cikin duwatsu.

Idan abin da kake gani ya saɓa da takarda sau biyu a jere, tsaya cak. Daidaita taswira da kamfas. Tambayi kanka ina ne wuri na ƙarshe da ka tabbatar, minti nawa ka yi daga nan, ta wace fuska. Idan sakan 30 sun wuce ba ka gano ba, bar yawo cikin da'ira, fita zuwa babban abu mafi kusa ka sake shigowa. Tsayawar sakan 20 ta fi yawon minti 5 araha, amma sai an horar da kai a kanta, domin jiki ba ya son tsayawa a tsakiyar gasa.

Wane irin gudu ake bukata, kuma yaya mako zai kasance?

Kada a ruɗe ka cewa wasan kai ne kawai. Mazan da ke kan gaba a gajeren tsere suna gudun mita 5,000 ƙasa da minti 15. Matthias Kyburz na Suwizalan, zakaran duniya a wannan wasa, ya yi gudun famfalaki na Faris a 2024 cikin awa 2 da minti 7 da sakan 44, ya kuma wakilci ƙasarsa a Olamfik a shekarar. Dogon tseren maza kan kai kilomita 14 zuwa 17 a layin miƙe, da hawan ɗaruruwan mitoci, cikin fadama da duwatsu.

Ƙwararru suna yin awa 10 zuwa 15 a mako, kusan kashi huɗu cikin biyar a hankali, irin gudun da za ka iya hira a cikinsa. Ga mai aiki ko karatu da ya riga ya saba gudu, awa 7 zuwa 8 sun isa farawa. Lahadi gudu mai zafi: mita 1,000 sau 5, hutun sakan 90 tsakani. Talata hawa: minti ɗaya sau 10, a sauko a hankali. Juma'a bayan asuba doguwar tafiya ta minti 90 zuwa 120 a ƙasa mai duwatsu, a dawo kafin lokacin masallaci. Asabar horon taswira cikakke. Sauran kwanaki gudu mai sauƙi na minti 40 zuwa 50, da taswira a hannu ko da ta wata ƙasa ce, don ido ya saba karatu jiki na girgiza. Sau biyu a mako ƙarfafa idon sawu da gwiwa da ƙugu: tsayuwa da ƙafa ɗaya ido rufe, tsalle gefe da gefe, tsuguno da nauyi. Kada ƙarin mako ya wuce kashi 10 cikin 100, kuma kowane mako na huɗu a sassauta.

Zafin Saudiyya fa?

Shi ke tsara mana shekara. A Makka da Jidda da Madina da Riyad lokacin horo mai nauyi daga Oktoba ne zuwa Maris. Da bazara Makka tana haura digiri 45, Jidda kuma ga laima mai hana gumi bushewa. Hukuma da kanta tana hana aiki a rana daga 12 zuwa 3 na yamma tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, balle gudu. A watannin nan ko dai bayan asuba, ko cikin dare, ko a hau sama: Ɗa'if tana kan kimanin mita 1,800, Abha ta haura 2,200. Kwanakin farko a can numfashi zai yi nauyi, a rage gudu.

Auna nauyinka kafin horo da bayansa. Kowane kilo da ya ragu lita ɗaya ce ta ruwa, ka mayar da lita ɗaya da rabi a hankali, da gishiri a ciki ko a abinci. Raguwar da ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki tana taɓa tunani, kuma a wasanmu tunani ne ke fara faɗuwa kafin ƙafa. Jiki yana sabawa da zafi cikin kwana 10 zuwa 14. Idan abokin horo ya fara magana ba kan gado, ko tangaɗi, ko faɗa ba dalili, bugun zafi ne: a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwan sanyi da ƙanƙara nan take, a kira motar asibiti a 997, ko 911 a yankunan Makka da Riyad. Sanyayawa ake fara yi kafin ɗaukarsa a mota.

Da azumi a daina?

A'a, a sauya lokaci. Gudu mai sauƙi na minti 30 zuwa 40 dab da buɗa-baki, mai nauyi kuma bayan tarawihi. Wata ne mai kyau na horon dare da fitilar goshi, wanda ke tilasta maka dogara da kamfas.

Babu taswirar gasa a unguwarmu. Ina zan samo?

Ku zana. Manhajar OpenOrienteering Mapper kyauta ce, OCAD kuma ta kuɗi ce. Fara da ƙaramin wuri: harabar makaranta, lambun unguwa, istiraha, wato gidan shaƙatawa. Ɗora hoton sama a ƙasa, bi gine-gine da katangu, sannan ka fita da fensir ka gyara a ƙafa. Wuri mai faɗin mita 400 zai ci maka ƙarshen mako biyu ko uku. Purple Pen na tsara tashoshi ne, MapRun kuma yana ba wayarka damar yin ƙara idan ka iso tasha, ba sai an kafa tuta ba. A buga da injin leza, a sa cikin leda, domin gumi yana narkar da tawada.

Nemi izinin mai wuri ko baladiyya, wato hukumar gari, kafin ka kafa komai. Nisanci wuraren soja, na man fetur, kan iyaka da gandun da hukuma ta killace, kuma kada ka tashi jirgi mara matuƙi ba da takarda ba. Harami da kewayensa wurin ibada ne, ba a kai tsere can.

Waɗanne wurare suka dace?

Don gajeren tsere, lungunan Balad, tsohon garin Jidda, sun yi kama da tsofaffin biranen Turai da ake gasa a cikinsu, amma da sassafe kafin a buɗe kantuna, kuma mutum biyu ko uku, ba gayya ba. Don tudu da duwatsu, Hada da Shafa. Don bishiyoyi, dazukan ar'ar na Baha da Suda. A Riyad akwai rassan Wadi Hanifa da gindin Ɗuwaiƙ, da tudun yashi na Sumama inda layukan tudu kaɗai za ka dogara da su.

Wadi kuwa a ji tsoronsa. Ruwa na iya sauka a kan dutse nesa da kai, sama tana garau a inda kake, ambaliya ta iso cikin mintuna. Wanda ya ga ambaliyar Jidda ta Nuwamban 2009 ya sani. In an yi gargaɗin ruwa, a fasa. Kada ka zura hannu ƙarƙashin dutse saboda kunama da kububuwa, kada ka riƙe abinci a fili inda birai suke a Hada, kuma ka bar wa wani labarin inda za ka da lokacin dawowa.

Wanda bai taɓa gudu a dajin Turai ba zai iya gogayya da Turawa?

A gari, ƙwarai. A daji sai ya je ya zauna ciki. Mun saba hango kilomita guda, can kuwa mita 30 ce iyakar gani, ƙasa mai laushi tana shanye ƙarfin ƙafa, ga rassa da ake tsallakewa. Shawararmu sansanin mako biyu, horo biyu a rana, sau ɗaya ko biyu a shekara. Turkiyya ta fi kusa, ana kuma gasa a yankin Antaliya da hunturu. O-Ringen ta Suwidin, wadda aka fara a 1965, kwana biyar ce ta gasa kuma kowa na iya shiga. Jukola ta Finlan, tun 1949, karɓa-karɓa ce ta mutum bakwai da ake kwana ana yi. Dazukan can akwai kaska mai sa ciwon ƙwaƙwalwa, a fara rigakafinta watanni kafin tafiya. Mai iƙama ya haɗa lissafin bizar fita da dawowa da ta Shengen, wato ta shiga Turai, tun da wuri.

Kaya fa, musamman ga mata?

Takalmi mara tudu, mai haƙoran roba masu kama dutse. Mai ƙusoshin ƙarfe na jiƙaƙƙen daji ne, kuma sau da yawa ana hana shi a gari. Ƙayar samur tana huda tafin takalmi mai laushi, a duba kafin a saya. Safa mai kauri har gwiwa, filasta don naɗe idon sawu, usur, da 'yar jakar hannu ta takardar bayanin tashoshi. Suturar da ta rufe jiki ba baƙuwa ba ce a wasan nan: a Suwidin doka ce a rufe ƙafafu da gangar jiki a gasar daji. Hijabin wasanni mara fil, riga mai dogon hannu mara nauyi, shi ke nan. Simone Niggli ta Suwizalan, mai zinare 23 a gasar duniya, da Tove Alexandersson ta Suwidin suna cikin waɗanda suka fi kowa tara lambobi a tarihin wasan, maza da mata.

Yaya ranar gasa take, kuma me ke sa a soke sakamako?

A manyan gasa ana killace 'yan tsere kafin farawa, babu waya, babu labarin fili. Filin kansa an haramta shigarsa watanni ko shekaru kafin ranar. Ana sakin mutane ɗaya bayan ɗaya: tazarar minti 1 a gajere, 2 a matsakaici, 3 a dogo. Kafin shiga layi ka goge katin yatsanka, SPORTident ko Emit, ka gwada shi. Takardar bayani tana gaya maka lambar kowace tuta, abin da take kai, da ɓangaren da take. Lambobin suna farawa daga 31. Duba lamba kafin ka dangwala, kowane lokaci, domin ana kafa tutoci kusa da juna da gangan.

Ana soke sakamako idan ka tsallake tasha, ka dangwala wadda ba taka ba ka wuce, ko ka saɓa jeri. A gari kuma idan ka haura katanga mai baƙin layi mai kauri, ka taka wuri mai launin zaitun, ko ka kutsa shingen da aka zana da kore mai duhu, ko da a ido tsallakawar ba wuya. Ci abinci awa 3 kafin farawa. A dogon tsere ka ɗauki giram 30 zuwa 60 na sukari a kowace awa, dabino matsakaici biyar zuwa bakwai sun ba ka na ƙasa.

Zan iya amfani da agogon GPS?

Don ajiye sawunka kawai, in masu gasa sun yarda kuma ba ya nuna taswira. Neman hanya da shi haramun ne a dokar wasa. Amfaninsa bayan tsere ne: ɗora sawun a kan taswira da manhajar Livelox ko QuickRoute, ka kwatanta lokutan zangunanka da na zakara. Kafin ka buɗe kwamfuta, zana da biro inda kake zaton ka bi. Bambancin zanenka da sawun gaskiya shi ke nuna inda hankalinka ya rabu da ƙasa. Rubuta kowane kuskure da sakan da ya ci da dalilinsa. Bayan tsere goma za ka ga iri biyu ko uku ne ke maimaituwa, su za ka gina horon wata mai zuwa a kai.

Ta yaya ake kaiwa gasar duniya?

Ta hannun hukumar ƙasar da kake riƙe da fasfonta, kuma sai ta kasance mamba a IOF. Iƙama ba ta ba da wannan dama, don haka ɗan Nijeriya ko Nijar da ke zaune a Jidda ƙasarsa zai wakilta. Jerin mambobi da kalandar gasa suna shafin IOF Eventor, inda ake buɗe rajista a shiga gasannin da ke ba da makin duniya. 'Yan shekara 20 zuwa ƙasa suna da gasarsu ta matasa, masu 35 zuwa sama kuma ta manya.

Malamai, yarona shekararsa 11. Ba zai ɓata ba?

Baba, shekarunsa sun yi daidai. A fara shi a harabar makaranta ko lambu mai katanga, tashoshi 6 zuwa 8, kowace a kan hanya ko kusurwar gini, babba yana binsa a baya da taku goma ba tare da ya ce masa komai ba. Kamfas ya jira sai ya iya juya taswira da abin da yake gani. Idan za a fita fili, a rataya masa usur, a koya masa busa shida a jere alamar neman taimako, a kuma gaya masa fuskar tsira guda ɗaya, misali ya nufi yamma har ya iske titi. Ko ya gama ko ya fasa, dole ya zo wurin ƙarshe a rubuta dawowarsa, domin duk sunan da ba a soke ba, fita nemansa za a yi.